Ƙofar likita a shekarar korona

Duk wanda ya taɓa kwana a likita a ƙasar nan ya san marar lafiya ba ya kwanciya shi kaɗai. Akwai mai jinyarsa, uwa ce ko ƙanwa ko ɗan wa, da tabarma da buta da kwanon hura a gindin dogon yaro. Shi ke rugawa farmasi da takardar magani, shi ke kawo tuwo daga gida, ya wanke tufafi, ya kira lokotoro tsakar dare in sirum ya ƙare. In ana neman jini, dangi ake fara tambaya. Sunansa ba ya cikin takardar ma'aikata, amma rabin aikin ɗakin a wuyansa yake. Wannan tsari ne cutar korona ta zo ta taɓa a 2020.

Mu tuna yadda abin ya zo. Ranar 19 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Yamai. A kwanakin nan ne aka rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, aka sallami ƴan lakkwal. Ranar 27 ga Maris shugaba Mahamadu Isufu ya ayyana dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya. Aka sa wa Yamai dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka kuma killace birnin daga sauran jihohi. Cibiyar CERMES ce ke gwajin cutar, babbar likitar nan ta Yamai da ƙasar Sin ta gina kuwa ta zama wurin kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani.

A bakin ƙofar likitoci sai ga sabon abu: bokitin famfo da sabulu, na'urar auna zafin jiki da ake nunawa a goshi, da takunkumin rufe hanci da baki. Aka taƙaita ziyara, aka rage yawan masu jinya. Wanda aka samu da korona kuwa ware shi ake yi, dangi su tsaya waje, gaisuwa sai ta salula. In rai ya yi halinsa, ma'aikata masu kayan kariya ke kula da gawa.

Killace masu cuta ba baƙon abu ba ne gare mu. Sunan unguwar Lazare a Yamai ma, a Faransanci, wurin ware masu cuta mai yaɗuwa yake nufi, kuma a cibiyar lafiya ta can aka kwantar da ɗimbin mutane lokacin sanƙarau na 2015, shekarar da har lakkwal aka rufe a birnin. To amma sanƙarau ana ganinsa da ido, wuya ya sanƙare, zazzaɓi ya kada yaro. Korona kuwa sai a ce wa mutum yana da ita alhali yana tafiya da ƙafarsa. Ga duba marar lafiya ibada ce a wurinmu, wanda bai je ba ana riƙe shi a zuci. Shi ya sa jama'a da yawa suka ɗauki dokar a matsayin cin fuska, balle da ta haɗu da hana sallar jam'i, wadda ta tada tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai kafin a buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu. Cutar kuwa gaskiya ce: a farkon watan Mayun ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar.

Ɓarnar da ba a cika faɗa ba ita ce ta sauran cututtuka. Tsoron a ce "korona ce" ya sa mai tari da mai masassara suka zauna gida suna shan saƙe-saƙi da maganin ƴan tebur. An dakatar da zagayen rigakafin shan inna a duniya baki ɗaya, cikin Afrilun 2020 kuwa aka sanar cewa cutar ta sake ɓulla a Nijar. Da lakkwal da masallatai suka rufe, wuraren da ake zuwa karɓar gudummawar jini ma sun rufe ke nan, alhali mai naƙuda da yaron da zazzaɓin sauro ya shanye wa jini ba su san da wata doka ba.

Allurar rigakafin korona ta iso a Maris 2021, dokoki suka yi ta sassauci, tabarmi suka koma gindin itatuwa. Tambayar da shekarar ta bari ita ce: in an ce mai jinya ya tsaya waje, wa zai ciyar, wa zai wanke, wa zai sayo magani? Ƴan uwa ɗalibai, cikinmu akwai masu karatun aikin lafiya, akwai waɗanda gobe za su sa hannu a kan irin waɗannan dokoki. Annoba za ta sake zuwa. Kafin a liƙa takardar hana shiga a ƙofa, a fara tanadin kicin ɗin likita, da isassun ma'aikatan ɗaki, da wanda zai riƙa fitowa kullum ya gaya wa uwar da ke zaune a waje halin da ɗanta ya kwana.