Dakatar da manhaja ko cire ta daga kwamfuta: mene ne bambancin?

Kusan kowace kwamfuta tana zuwa da manhajojin da mai ita bai nema ba, kamar OneDrive, Teams da Xbox. Hanyoyin rabuwa da su biyu ne. A unguwa irin Kabalaye, a gunduma ta 3 ta birnin N'Djamena, inda akasarin kwamfutoci ke da Windows na Faransanci, sunayen hanyoyin sun yi kama har suna rikita mutane: désactiver da désinstaller.

Désactiver dakatarwa ce. Manhajar tana nan a cikin kwamfuta, sai dai ba ta tashi da kanta idan an kunna. Ana danna Ctrl, Maj da Échap tare don buɗe Gestionnaire des tâches, a shiga sashen Démarrage, a dakatar da wadda ake so. Tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 4 takan yi sauƙin tashi bayan haka. Amma wurin da manhajar ta cinye a ma'ajiya bai ragu ba.

Désinstaller cirewa ce gaba ɗaya, ta Paramètres, sashen Applications. Wuri yana samuwa, sai dai duk ranar da buƙatarta ta taso, dole a sake sauko da ita da datar Airtel ko Moov Africa, kuma data a Chadi ba ta da araha. Shi ya sa dakatarwa ta fi dacewa ga manhajar da ake shakka a kanta. Masu ɗauke da sunan Intel ko Realtek kuwa a ƙyale su, domin galibi su ke tafiyar da sauti, hoto da Wi-Fi.

Akwai inda dakatarwa ba ta isa. A 2015 an gano cewa manhajar talla ta Superfish, da kamfanin Lenovo ya saka a wasu kwamfutocinsa, tana buɗe wa ɓarayin bayanai ƙofa. Ko bayan an cire ta, takardar shaidar tsaro da ta dasa tana nan, sai an bi ta an goge daban.

Wasu kuma Windows ba ya yarda a cire su. Microsoft ya ba da damar cire Edge a 2024 saboda dokar Tarayyar Turai, amma a ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai kaɗai. A Chadi, Nijar da Kamaru, abin da ya rage shi ne a hana shi tashi, a zaɓi Firefox ko Chrome a madadinsa.