Gashin Napoleon da zargin guba

Ranar 5 ga Mayu 1821 Napoleon Bonaparte ya rasu a tsibirin Saint Helena, inda Turawan Ingila suka tsare shi tun 1815. Washegari likitoci suka buɗe gawarsa, suka tarar da ciwo mai muni a tumbinsa, aka ce sankarar ciki ce, irin wadda ta kashe mahaifinsa. Kafin a binne shi, barorinsa suka aske sumarsa, aka rarraba wa dangi da masoya don tunawa.

Bayan shekara 140, wannan gashin ya tayar da ƙura. A 1961 wani likitan haƙori ɗan Suwidin, Sten Forshufvud, da Hamilton Smith na Jami'ar Glasgow suka auna wasu silaye daga cikinsa, suka sami sinadarin arsenik fiye da kima. Suka wallafa a mujallar Nature, Forshufvud kuwa ya kafe cewa guba aka riƙa ba Napoleon da kaɗan-kaɗan.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Jini da fitsari kan rabu da guba cikin kwanaki, gawa kuma tana ruɓewa. Gashi kuwa yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, kuma abin da ke yawo a jini lokacin da yake tsiro yakan maƙale a cikinsa ya zauna. Idan aka yanka sili guntu-guntu, sai a gane abin da mutum ya sha wata bayan wata. Shi ya sa masu binciken gawa a yau, in jini ya lalace, suke komawa ga gashi, farce, ruwan cikin ƙwayar ido, har ma tsutsotsin da ke cin gawar.

Sai dai a 2008 masana a Italiya suka yi abin da ya kamata a yi tun farko: suka kwatanta. Sun auna gashin Napoleon na ƙuruciya a Corsica, na zamansa a Elba, da na ranar mutuwarsa, suka haɗa da na matarsa Josephine da na ɗansa. Duka suna ɗauke da arsenik kusan ninki 100 na mutumin yau. A zamaninsu ana zuba shi a fenti, a magunguna, da takardar adon bango. Wannan, a ganina, ya karya lagon zargin.

Akwai kuma matsalar da har yanzu ke ci wa masu gwaji tuwo a ƙwarya: gashi yana tsotsar sinadari daga waje, daga hayaƙi ko ƙura. Don haka sai an wanke shi kafin a auna, galibi a gwada har ruwan wankin.