Daga Sarkin Ƙofa zuwa mai gadin intanet

Idan ka taɓa tura wa ɗan canji a Wapa ko mai shago a kasuwar Sabon Gari kuɗi ta waya, saƙonka ya bi ta wata ƙofa mai gadi.

Gadin ƙofa tsohon aiki ne a Kano. Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa wajen ƙarni na 12, ƙofofi suna da Sarkin Ƙofa, ana rufewa da dare. Fagge zangon fatake ce a bayan badala. Sabon Gari ma a waje aka kafa shi a 1913. Amma gari mai kasuwa ba ya toshe ƙofa, sai dai ya tantance mai shiga.

Intanet ma haka ta koya. A 1988 manhajar Morris mai yaɗa kanta ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Amurka. Katangun kwamfuta na farko adireshi kawai suke dubawa: daga ina, zuwa ina? To, shafin banki dole ya karɓi kowa. Sai ɓarayi suka riƙa cusa umarni a gurbin rubuta suna, rumbun bayanai ya amayar da sirrin jama'a. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu manhajoji masu kwance ƙunshin kowane saƙo. ModSecurity ta fito a 2002.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa kamfani kai rahoton kutse mai haɗari cikin awa 72. Lambar BVN ɗinka tana bayan wannan ƙofa.