'Ya'yan Itatuwan Indiya da Gigin Tsufa: Abin da Tarihi Ya Nuna



Gigin tsufa, watau lalurar nan da kan ci ƙwaƙwalwa sannu a hankali har mutum ya kasa shaida 'ya'yan cikinsa, ya zama abin damuwa ga duniya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi. Tun 1906, lokacin da likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in da ya fi yawa, ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Wannan ne ya sa manazarta suka waiwayi tsofaffin magungunan Indiya. Mu ma za mu waiwaye su a yau, amma da idon tarihi.

Ilmin magani na gargajiyar Indiya ana kiransa Ayurbeda, kuma cikin manyan littattafansa akwai Caraka Samhita, wanda aka harhaɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce. A cikinsa akwai babi a kan rasayana, watau magungunan da ake sha don jinkirta tsufa da ƙarfafa hadda. 'Ya'yan itatuwa uku ne suka yi fice a wannan fanni: amalaki da haritaki da bibhitaki, waɗanda idan an gama su wuri ɗaya akan kira haɗin Trifala, ma'ana 'ya'yan itace uku.

Wannan ilmi bai tsaya a Indiya ba. A zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, an gayyato likitocin Indiya zuwa Bagadaza, aka kuma fassara littattafansu. Ta haka Trifala ya zama iɗrifal a bakin Larabawa, 'ya'yan nan uku kuwa suka zama amlaj da ihlilaj da balilaj. Ibn Sina, a littafinsa al-Ƙanun wanda ya kammala a 1025, ya lasafta ihlilaj cikin abubuwan da ke amfanar hadda da hankali.

Sai dai tarihi ya ajiye mana gargaɗi. Akwai wani ɗan itacen Indiya mai suna balazur, wanda masu neman ilmi suka riƙa sha don kaifin hadda, alhali yana da dafi. An ruwaito cewa shahararren marubucin tarihin nan al-Balazuri, wanda ya rasu wajen 892, daga nan ya sami laƙabinsa, domin shan balazur ne ya taɓa hankalinsa, ko na kakansa a wata ruwayar. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

To, me binciken zamani ya gano? An tabbatar cewa 'ya'yan Trifala suna ɗauke da sinadaran da ke rage lalacewar ƙwayoyin jiki, kuma gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna alamu masu ƙarfafa gwiwa. Amma ɓera daban, mutum daban. Babu wani babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar cewa suna hana gigin tsufa. Bugu da ƙari, wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya sami dalma ko zaiba ko guban arsenik a cikin 14 daga magungunan Ayurbeda 70 da aka saya a kantunan Boston.

Wannan kuwa ba dalilin raina gargajiya ba ne. Daga saiwar sarpagandha, wadda Indiyawa suka daɗe suna ba masu taɓin hankali, aka ciro reserpine a 1952, ya zama maganin hawan jini a asibitocin duniya. Abin da ya kai shi wannan matsayi shi ne an tace shi, an auna shi, an gwada shi a kan marasa lafiya. Wannan hanya ce Trifala bai gama bi ba tukuna.

Saboda haka, jama'a, daɗewar magani dalili ne na a bincike shi, hukunci kuwa sai bayan gwaji. Kafin nan, abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa wajen rage haɗarin gigin tsufa shi ne kula da hawan jini da ciwon sukari, da barin taba, da motsa jiki. Ga ɗalibanmu kuwa, musamman masu nazarin magungunan Hausawa, ma'aunin da muka ɗora Trifala a kai shi ne ya kamata mu ɗora namu saiwoyin a kai.