Raƙuman dawan Kure: Yadda ake ƙidaya su a gefen babbar hanyar Yamai zuwa Dosso

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Giraffa camelopardalis peralta, ya taɓa yaɗuwa daga Senegal har zuwa Tafkin Cadi, ciki har da arewacin Najeriya. Wanda masani Oldfield Thomas ya bayyana nau'in da shi a 1898 ma a kusa da Lokoja aka harbe shi. A yau ragowar garken na zaune ne a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Farauta da fari da sarar itatuwa sun rage su har suka koma 49 kacal a 1996.

Kure ba gandun daji ba ne mai shinge. Dabbobin na kiwo ne a tsakanin gonaki da ƙauyuka, kuma babbar hanyar RN1 ta ratsa mazauninsu, inda motoci kan buge su idan sun zo tsallakawa. Da damina sukan taru a tudun Kure, da rani kuma su gangara Dallol Bosso neman ganyen gawo. Manoma na kuka da su saboda waken da suke ci da mangwaro.

Ƙidayar ta dogara ne da jami'an gandun daji da 'yan rakiya na ƙungiyar AVEN, waɗanda 'yan yankin ne. Hikimar aikin tana jikin fata: babu raƙuma biyu masu zane iri ɗaya. Akan ɗauki hoton kowanne ta dama da ta hagu, a kwatanta da kundin bara, sai a san wanda aka haifa da wanda ya ɓace. An fi yin haka da damina, lokacin da garken ke wuri guda. A jihar Washington ta Amurka kuwa, 'yan sa-kai na bin sawun namun daji a kan ƙanƙara da hunturu a gefen hanyar I-90, inda aka gina wa dabbobi gadar tsallakawa. Sawu dai ya kan nuna inda dabba ta bi, hoto kuma ya nuna ko wace ce, abin da ya fi dacewa da garke ƙarami irin na Kure.

Zuwa 2017 adadinsu ya haura 600. Domin kada annoba ɗaya ta share su, an kwashe takwas a Nuwamban 2018 zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi.

Babbar barazana ga aikin yanzu ita ce rashin tsaro. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, direbansu, da shugaban 'yan rakiyar yankin. Masu yawon buɗe ido, waɗanda kuɗinsu ke ciyar da 'yan rakiyar, sun ɗauke ƙafa bayan harin.