Nanette Wenger: Likitar da ta karkato hankalin duniya kan ciwon zuciya a jikin mata

Farfesa Nanette Kass Wenger ƙwararriyar likitar zuciya ce 'yar ƙasar Amurka, wadda ta yi fice wajen rigakafin cututtukan zuciya da kula da lafiyar mata. An haife ta a birnin New York a 1930. Ta kammala karatun likitanci a Jami'ar Harvard a 1954, shekara tara bayan makarantar ta fara karɓar mata, sannan ta samu horo a asibitin Mount Sinai. A 1958 ta koma birnin Atlanta, inda ta shafe shekaru masu yawa tana koyarwa a Jami'ar Emory, kuma ta shugabanci sashen zuciya na asibitin Grady, wanda talakawa suka fi zuwa.

Aikinta na farko da ya yi tasiri ya shafi jinyar waɗanda suka samu bugun zuciya. A wancan zamani akan kwantar da majinyaci har mako shida, lamarin da ke raunana jiki da haddasa daskarewar jini a jijiyoyi. Wenger na cikin waɗanda suka tsara tayar da majinyaci mataki-mataki, daga zama a bakin gado zuwa tafiya, har ya koma bakin aikinsa. Daga baya ta shugabanci kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya kan farfaɗo da masu ciwon zuciya.

Sai dai an fi saninta da ƙalubalantar tunanin cewa ciwon zuciya cutar maza ce. Akasarin manyan bincike na farko an gudanar da su ne a kan maza, alhali cutar ita ce kan gaba wajen kashe mata a Amurka. A 1992 ta jagoranci wani taron ƙasa kan batun, kuma a 1993 ita da abokan aikinta biyu suka wallafa sakamakonsa a mujallar New England Journal of Medicine.

Tun daga nan aka ƙara fahimtar cewa mace kan kamu da cutar kusan shekara goma bayan namiji, kuma alamunta ba lallai su tsaya ga ciwon ƙirji ba. Sukan haɗa da sarƙewar numfashi, kasala mai tsanani, tashin zuciya, da ciwon baya ko muƙamuƙi, abin da kan sa a makara wajen gano ta.

Wenger ta kuma shiga binciken HERS, wanda ya nuna a 1998 cewa bai wa matan da suka daina al'ada magungunan homon ba ya kare masu ciwon zuciya daga sake kamuwa, saɓanin abin da likitoci da dama suka ɗauka. Tana cikin marubutan ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka na 2011, waɗanda suka sanya hawan jini da ciwon sukari na lokacin juna biyu cikin alamun haɗari. Ma'ana, matar da ta yi fama da su tana bukatar ci gaba da gwajin hawan jini, sukari da kitsen jini, ko da shekaru sun shuɗe bayan haihuwa.