Daga Rijiyar Kusugu zuwa Ramin Diablo: Nazarin Wasannin Kutsa-Kogo da Darasinsu ga Matasan Ngaski

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta tsarin wasannin bidiyo na kutsa-kogo da tsarin labarin jarumta na Bahaushe. Ta gano cewa zubinsu ɗaya ne, amma sun rabu a kan wanda ke cin ribar kisan dodo. Ta kuma nuna cewa tarihin ƙasar Yauri zai iya zama ginshiƙin irin wannan wasa cikin Hausa.

Gabatarwa

Wasan kutsa-kogo shi ne wanda mai wasa ke zaɓar jarumi, ya sauka ƙarƙashin ƙasa, ya yaƙi dodanni, ya kwashi ganima, ya ƙara ƙarfi, sannan ya ƙara nutsawa. Asalinsa wasan tebur ne, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A 1980 wasan Rogue ya yaɗa dabarar da kwamfuta ke sake zana hanyoyin kogo duk lokacin da aka soma. Yau wasan ya shiga wayar hannu, don haka matashin Wara ko na Yelwa a ƙasar Yauri ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya buga gem irin wannan. Wannan ne ya sa nazarinsa ya zama wajibi a kanmu.

Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatanci. An ɗauki Diablo na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a farkon 1997, da Diablo Immortal na 2022, aka auna su da labarin Bayajidda ta fuskoki uku: wurin haɗari, abokin gaba, da sakamako.

Sakamako da Tattaunawa

A Diablo, jarumi yakan iso garin Tristram ya tarar da mutane cikin tsoro. Ƙarƙashin majami'ar garin akwai hawa 16, kowanne ya fi na samansa duhu. A ƙasan allo akwai ƙwallaye biyu: ja na jini, shuɗi na ƙarfin sihiri. Idan ja ya kusa ƙarewa, mai wasa yakan sha magani ko ya gudu gari, ya sayar da abin da ya kwaso, ya sayi sulke, ya koma.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan zubi. Bayajidda ma baƙo ne da ya sauka Daura, ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, aka ce masa maciji Sarki ba ya barin a ɗebi ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a. Ga gari cikin ƙunci, ga rami, ga dodo, ga baƙo mai takobi.

Inda suka rabu shi ne sakamako. Da Bayajidda ya sare kan macijin, garin duka ya sha ruwa; ladarsa ta biyo bayan amfanin jama'a. A wasan kuwa, abin da ke riƙe mai wasa shi ne ganimar kansa, wadda ke faɗowa bisa sa'a. Diablo Immortal ya ƙara da cewa kuɗi na iya kyautata wannan sa'a, abin da ya sa ba a fitar da shi a Beljiyam da Holan ba saboda dokokinsu kan abin da ya yi kama da caca. Ga yaron masunci da ke tara kuɗin data da kyar, wannan ba ƙaramin tarko ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka.

Sai dai hani kaɗai ba ya magani. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da Aurion, wasan jarumta da aka gina kan al'adun Afirka. Ƙasar Yauri ba ta rasa abin ginawa ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa da dama, aka tashi fiye da mutum 40,000. Garuruwan da ke kwance a ƙarƙashin tafkin sun isa kogo, kuma jarumin da zai nutsa ya ceto tarihin kakanninsa ya fi mai farautar zinariya ma'ana ga ɗan Ngaski.

Kammalawa

Bincike ya nuna cewa zubin wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. Manufar ce ta bambanta. Muna kira ga masana Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu su haɗa hannu, su tattara labaran dattawan Gungawa da Kambari tun suna raye, su gina wasan da nasara a cikinsa ita ce gari ya sha ruwa.